Makon Furanni a Ka'akiyya

Lahadi, 8 ga Shawwal

Yara sun dawo yau bayan hutun Sallah. Ɗaki ya sake cika da kuka da ƙarnin madara. Na fi son haka da shirun da na sha kwanakin nan. Iyayensu mata sun ajiye su tun da sassafe, kowa ta kama hanyar nemanta, masu talla da masu shara a gidajen alhazai.

Da la'asar Hadil ta biyo, 'yar Majid ƙanen marigayi mijina Mukhtaru. Ita a nan aka haife ta, takardunta lafiya lau, tana koyarwa a wata rauda, makarantar ƙananan yara ta masu hali, a Aziziyya. Ta zo da leda cike da takardu masu launi da gam da fenti. Wai a makarantarsu an yi makon rabi'i, ga abin da ya rage, in yi wa nawa yaran. Na tambaye ta mene ne rabi'i. Ta ce lokacin da furanni ke buɗewa, iska na daɗi. Na ce a Makka? Mu a gida bazara muka sani, zafi da jiran ruwa, kullum ido na gabas ko hadari zai taso. Ta yi dariya, rabin maganarta Larabci, ta ce, "Khala, yara ba ruwansu da wannan, launi kawai suke so."

Na karɓa. Ba a mai da hannun kyauta baya.

Talata, 10 ga Shawwal

Mun yi malam-buɗe-littafi da tafin hannu. A tsoma hannu a fenti, a manna a takarda dama da hagu, sai ga fukafukai. Tagwayen Kabira maƙwabciyata sun shafe juna har kunne.

Rumasa'u ce ta ƙi. 'Yar Lailatu, shekararta uku, ba ta cika magana ba, sai kallo. Ta ɓoye hannuwanta a riga. Sai da na tsoma nawa tukuna, ni da girmana, sannan ta miƙo nata a hankali. Ja ta zaɓa. Da ta ɗaga hannu ta ga abin da ya fito, ta kalle ni kamar ni na yi sihiri.

Na manna su duka a tagar da ke kallon titi. Da rana ta bi ta cikinsu, ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Lailatu ta zo da magariba da ƙullin hijaban da take talla a ka, daga tashar motocin Kudai take. Ta daɗe tana kallon na 'yarta. Tana saka mata takalmi ta ce an fara kamen marasa takarda a can. Na ce ai kowace shekara haka ne in Hajji ya matso. Ta ce bana sun yi sammako.

Laraba, 11 ga Shawwal

Mun shuka wake a kofunan zabadi, yogot ɗin nan nasu, da auduga da ɗan ruwa. Kowa na son nasa ya tsiro yau-yau.

Alhamis, 12 ga Shawwal

Hadil ta dawo ta koya musu wasan iri. Kowane yaro ya dunƙule a ƙasa, kai tsakanin gwiwoyi, shiru, wai shi iri ne a cikin ƙasa. Ita kuma tana ƙwanƙwasa tire da yatsu, wai ruwan sama. Ba mai motsi sai ta ce rana ta fito, sannan su miƙe a hankali, hannu sama, sun zama fure.

Ban taɓa ganin yaran nan sun yi shiru haka ba. Har na ji ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta. Hadil ta ji daɗi. Ni wasan bai kwanta min ba, ban san dalili ba.

Lahadi, 15 ga Shawwal

Wata farar mota ta tsaya gaban bakala, kantin unguwarmu, tun hantsi. Ba wanda ya fito. Da na leƙa ta gefen labule bayan azahar, na ga mutum a ciki ya sauke gilashi yana kallon sama. Tagarmu yake kallo ko wata, Allah masani.

Ƙila jiran wani yake. Mutane na jiran mutane.

Litinin, 16 ga Shawwal

Haris, mai gadin gidan, ya tare ni a matattakala. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Hajiya, abin da kika manna a taga, duk wanda ya wuce ya san akwai yara da yawa a ɗakin nan, kuma ya san ba naki ba ne. Ya ce an tambaye shi jiya. Na ce wa? Ya ce bai tambayi sunansa ba.

Shekara da shekaru ina riƙon yara a ɗakin nan, ba allo a ƙofa, ba takalma a waje, in sun yi kuka in kunna rediyo. Sai ga shi da hannuna na rataya alama.

Na cire su kafin yara su tashi daga barcin rana. Gam ya bar tabo a gilashi, na kankare da wuƙa bai fita duka ba. Tagwaye sun yi kuka. Rumasa'u ba ta yi ba, ta je ta tsaya a ƙarƙashin tagar tana kallon wurin.

Laraba, 18 ga Shawwal

An ƙwanƙwasa ƙofa yau, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ba irin bugun iyayen yara ba, su da yatsa ɗaya suke yi. Wannan da tafin hannu ne.

Ban yi tunani ba. Na ɗauki tire, na ce musu da raɗa, iri, iri. Duk suka dunƙule. Na fara taɓa tiren a hankali yadda Hadil ke yi. Ta ƙarƙashin ƙofa ina ganin inuwar ƙafafu, ba na mutum ɗaya ba. Aka sake bugawa. Wani ya yi magana da Larabci, ban kama ba. Ƙaramin tagwayen ya ɗago kai yana murmushi, yana jiran rana, na girgiza masa kai ya koma.

Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar ta tafi. Na ji ana buga ƙofar sama.

Na manta ban ce rana ta fito ba. Sai da Rumasa'u ta ja min zane.

Ban gaya wa iyayensu ba. Gobe zan faɗa.

Alhamis, 19 ga Shawwal

Lailatu ba ta zo ba. Kowa ya ɗauki nasa, saura Rumasa'u. Wayarta a kashe.

Juma'a, 20 ga Shawwal

Kabira ta kawo labarin bayan an sauko daga masallaci. Jiya da rana aka kewaye su a Kudai, motoci ta gaba da ta baya. Wata da ta tsira ta ga Lailatu ta yar da ƙullinta ta ruga, sai ta tsaya da kanta, ta juyo kamar ta tuna wani abu, nan aka riƙe ta. An kai su gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Uban yarinyar ya daɗe da komawa Maraɗi, ba a jin ɗuriyarsa. Lailatu ba ta da kowa a nan. Ni ma sai yau na gane ban san ko ƙofar ɗakinta ba.

Na yi wa yarinyar wanka, na saka mata rigar tagwaye. Ta ci shinkafa sosai. Ba ta tambaya ba.

Lahadi, 22 ga Shawwal

Na gaya wa iyaye maganar ƙofa. Yau rabin yaran ba su zo ba. Ban ga laifin kowa ba.

Waken ya tsiro, masu shi ba sa nan. Na zuba musu ruwa duk da haka.

Da aka kira magariba Rumasa'u ta je ta saka takalminta, hagu a dama, ta tsaya bakin ƙofa. Haka ta yi jiya, haka shekaranjiya. Ba kuka. Da kuka take yi da na san abin da zan yi mata.

Talata, 24 ga Shawwal

Lailatu ta kira da wayar wata. Muryarta ta dushe, ga hayaniyar mata a bayanta. Ta ce ta gaya musu tana da 'ya a waje, sun ce in an kawo ta kafin a saka sunanta a jirgi za su haɗa su. In ba a kawo ba, ita kaɗai za ta tafi, kuma ba dawowa.

Ta ce, "Inna Ummul, don girman Ɗakin Allah ki kawo min ita."

Na ce to. Me zan ce? Ta san yadda nake. Ta san ni ma da Umra na shigo tun ina da ƙarfina, ban sake fita ba, ba ni da ko guntuwar takarda. Kuma kowa ya san ba a karɓar yaro a ƙofar can sai wanda ya kawo shi ya ɗora yatsa a na'ura. Ta sani, ta roƙa duk da haka. Ni ma da ni ce, da na roƙa.

Laraba, 25 ga Shawwal

Hadil ta ce ita za ta kai ta. Ta zo tana hawaye, wai ita ta jawo da takardunta masu launi. Na ce mata a Kudai aka kama Lailatu, ba a tagata ba. Na ji sanyi a raina. Na yi barcin rana karo na farko tun Alhamis.

Alhamis, 26 ga Shawwal

Majid ya zo da kansa, abin da bai yi ba tun rasuwar wansa. Ya zauna a bakin kujera, bai sha shayin ba. Ya ce Hadil ba za ta je ba. Za a tambaye ta ina ta samo yarinya, wa ya riƙe ta, a wane gida, daga nan aikinta ya tafi, ƙila har nasa. Ya ce in yi haƙuri, yana da 'ya'ya mata a gabansa. Ya ce zai nemi wani.

Bai kalle ni ba da ya ce zai nemi wani.

Ban ji haushinsa ba. Ina so in ji, ya ƙi zuwa.

Asabar, 28 ga Shawwal

Kabira ta ce in bar yarinyar a wurina. Ta ce yara nawa suka girma haka a unguwar nan, uwa a can, su a nan, kuma ga su sun zama mutane. Ta ce ke da Allah bai ba ki haihuwa ba, wa ya sani ko rabonki ne ya zo har gida. Nan da shekara ta manta.

Na yi mata faɗa. Bayan ta fita na zauna ina kallon Rumasa'u tana barci, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya riƙe da gefen zanena. Abin da na yi tunani ba zan rubuta shi ba.

Mukhtaru yana maƙabartar Shara'i. Ban taɓa ganin kabarin ba, mata ba sa shiga, katangar kawai na sani. Amma kullum na kwanta ciwo ina cewa ba komai, in mutuwa ta zo, a Harami za a yi min salla, a kai ni bayan katangar nan. Don wannan na haɗiye duk abin da na haɗiye a garin nan. A gida wa ya rage min? Ƙanwa ɗaya a Gusau, da 'ya'yanta da ba su san fuskata ba.

Lahadi, 29 ga Shawwal

Babu labari daga Majid. Wayarsa na shiga, ba ya ɗauka.

Lailatu ta sake kira. An ce musu cikin makon nan, ƙila Alhamis. Ba ta roƙe ni ba wannan karon. Ta ce in ba yarinyar wayar. Na kanga mata a kunne. Ina jin Lailatu tana kiran sunanta, tana yi mata wasa da muryar da ta karye. Rumasa'u ta yi tsit, idonta a kaina. Can ta ture wayar, ta zagaya bayana ta cusa fuskarta a zanena.

Na ce wa Lailatu kunya take ji. Ta ce, "Ta fara mantawa ko?"

Na ce a'a. Wayar ta yanke.

Farar motar ta dawo gaban bakala. Yau ban ma saki labule ba.

Talata, 1 ga Zulƙida

Na gaya wa sauran iyayen kada su kawo yara gobe, ina da fita. Ban ce har yaushe ba.

Kai ta kawai zan yi. Ƙila su ga tsohuwa da yarinya su karɓa a ƙofa su ce in tafi. Ana yin haka, na taɓa ji.

Na wanke kayanta, na yi mata kitso, ta zauna lafiya har aka gama. Jakar da na samu ta yi wa kayanta girma, sai na cika da zannuwana uku da maganin hawan jini da carbin Mukhtaru, don kada kayan su riƙa yawo a ciki. Na ba Kabira tukunyar gas ta riƙe min, da makulli, saboda haris. Ta karɓa ta fashe da kuka, na ce mata mene ne haka, sai ka ce wani abu.

Na yi wanka na yanke farce. Na kira ƙanwata, mun daɗe ba mu gaisa ba, gaisuwa ce kawai. Na tambaye ta ko an fara ruwa. Ta ce tukuna, amma ana ta zafi, ya kusa.

Mai motar da zai kai mu ya ce in shirya bayan asuba. Na ce masa ya bi ta inda ake hango hasumiyoyin Harami. Ya ce Hajiya ai ba hanya ba ce, zagaye ne.

Na ce ya zagaya.