Ranar da Na Kira Sunansa a Bakin Kogin Kaduna

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da nake yi maka in ka dawo daga masallaci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu mai kai saƙo inda kake. Amma na ɗauko alƙalaminka da sauran tawadarka, don abin da ke raina ba zan iya faɗa wa kowa a Batsari ba.

Gida lafiya. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haihu. Ruwa bai sauka ba tukuna, kowa ya yi sharar gona, taka ce kaɗai ba a taɓa ba. Shi ya sa na je Kaduna in taho da babban ɗanka. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Safana ba, na hau motar gyaɗa har Funtuwa, na shiga jirgi ina karanta duk abin da na haddace.

Ka tuna da ya dawo daga yaƙi ya ce mana aikin kuku ya samu? Bai yi ƙarya ba, Malam, amma bai faɗa duka ba. Wurin a bakin kogi yake, an jera tebura a gindin mangwaro, akawuna da ma'aikatan jirgi suna zaune suna ci, ga kwalabe a gaban kowa. Warin kaɗai ya gaya mini mene ne. Na so in juya, to ina zan nufa a garin da ban san gabas ba?

Mai wurin, wata mata ce mutuniyar kudu, ta tarbe ni da Hausarta mai karkacewa, tana ta cewa Mama sannu, Mama sai kin ci. Suka zaunar da ni a kujera can gefe, kusa da ruwa. Ɗanka ya kawo shinkafa da miyar kifi a sabon kwano. Kansa a sunkuye ya ce kifi ne, babu zancen wa ya yanka, kwanon kuma da safe ya sayo shi, bai taɓa haɗuwa da tambulan ɗinsu ba. Ka ga ya san uwarsa. Na yi bismilla na ci. Wani da ya sha ya yi nauyi ya ɗaga mini kwalba yana cewa Hajiya bismilla, abokansa suna dariya. Na ja mayafi na dubi ruwa, sai ruwan ya fi su ba ni tsoro. Mu da muke tonon yashi a rafi kafin mu cika tulu, ina muka san ruwa mai tafiya haka cikin bazara, baƙi ƙirin tsakanin duwatsu?

Ashe saboda zafi a cikin kogin suke sanyaya kwalaben, a buhu, an ɗaure da igiya. Da la'asar ta yi sanyi aka ce a ƙaro. Sai na ga ɗanka ya naɗe wando ya sauka. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu, yana laluben igiya. A bayansa na ga wani abu dogo, kamar gungume, amma ruwa na yin ƙasa, shi yana tahowa sama.

Malam, ka san tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinka ka raɗa masa. Ko yana rarrafe ya nufi murhu, sai dai in ce wa Inna, mahaifiyarka, ta ɗauke yaron nan. Na buɗe baki na ce kai, bai ji ba, garmaho, akwatin waƙarsu, na ta kuka. Na ce yaro, bai ji ba. Sai na ji murya ta fita daga bakina da sunan, cikakkensa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, a gaban mashaya, mayafina a ƙasa.

Ya saki igiyar. Ya juyo ya dube ni, ya fito da sauri yana tuntuɓe a kan duwatsu. Abin nan ya nutse. Wasu suka ce icce ne, suka yi ta dariya, wai baƙauyiya ta ga kada. Mai wurin ba ta yi dariya ba. Har yau ban san me na gani ba. Kai da ka fi ni sani, icce yana tafiya sama?

A tasha na ce masa gona na jira. Ya ce sai mai wurin ta sami wani kuku, ba zai tafi ya bar ta haka ba, kuma daga yau da dogon gora zai riƙa jawo buhun. Da jirgi ya yi kuka sai ya ce, yana kallon ƙasa, bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakina ba. Na shiga jirgi ni kaɗai.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk shekarun nan da nake kau da kai in ya shigo, ina ganinsa ta gefen ido, ina lura ko ya ci, ko ya rame. Kana tsammanin kunyar ba ta yi mini nauyi ba?

Yanzu kullum la'asar ta yi sanyi sai in tuna kogin nan. Nakan ce yanzu an ce a ƙaro kwalabe. In goran ya karye fa? In ya ga kamar ba komai ya sake shiga, wa ke can da zai kira shi? Ina tsoron ruwan, ina tsoron abin da ke cikin kwalaben, ban san wanda zai riga kama shi ba.

Ka yafe mini in na taɓa girman mahaifinka. Tun ranar nan, a kowace sujada da sunansa nake roƙo, a fili, har Inna ta ji ba ta hana ni ba. Na ajiye irin geronka ban ba kowa ba. In ruwan shuka ya sauka bai zo ba, zan sake hawa jirgin nan, in tsaya a bakin kogin in yi ta kira har ya biyo ni.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Ni ce iyalinka,
Hajara, uwar yaron.