Rami na Shida a Gwangwanin Kuɗi

Ni Jacomina Wisse ta garin Yerseke, mai shekara tamanin da shida, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Shekara talatin na yi ina gyaran rubutu a jarida, don haka kada wani ya ce kuskuren alƙalami ne. Zuwa ga 'ya'yana biyu, Leendert da Tannetje.

Na ɗaya. Babu mai bina ko sisi. A sanyin 1963 kawa, wato dodon-koɗin teku da mahaifinku yake kiwo, ta mutu ƙurmus, aka ce za a karɓe gidan nan saboda bashi. Shekara goma sha tara muka yi muna biya, dankali da rana, dankali da yamma, har muka gama. Gidan naku ne, rabi da rabi.

Na biyu. Gwangwanin kuɗi mai rami shida na Leendert ne. Kun san ramukan: kuɗin gida, gawayi, abinci, sutura, likita, sai na Ubangiji, wanda ake kai wa dikinonin coci duk ƙarshen shekara don matalauta. Duk Asabar shi nake fara cikawa, sauran su raba abin da ya rage. Mahaifinku ya taɓa cewa, "Mina, Ubangiji ba Ya jin sanyi, mu muke ji." Na ce masa ya ƙara riga. Leendert, kai da kake kiransa "bankin tsohuwa", ka riƙe shi. Kada ka ranta daga wani rami ka toshe wani.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Shekara tara ke nan ba ku ci abinci a tebur ɗaya ba. Tannetje, ranar da muka binne mahaifinku kin buɗe gwangwanin, kin tarar da rami na shida fayau, yuro dubu biyu na shekarar sun tafi. Kika ce wa ɗan'uwanki a gaban baƙi, "Har Allah ma ba ka bari ba?" Bai ɗauka ba. Ni na ɗauka. Shagonsa ya rushe a lokacin, girman kai ya hana shi roƙo. Na sa kuɗin a farar ambulan marar suna, kamar yadda dikinoni suke yi, na tura ta ƙarƙashin ƙofarsa. Kuɗin matalauta ne, kuma a shekarar nan matalaucin da na fi sani ɗana ne.

Na yi shiru don kada ya ji kunya. Shirun ya yi tsada fiye da kuɗin, kuma laifina ne, ku yafe mini. Leendert, na san ka zaci daga coci ta fito, na kuma ga yadda kake mayarwa a jakar baiko duk Lahadi. Ina ƙirgawa daga bencin baya. Ka gama biya tun bara, shagonka kuma ya tsaya da ƙafarsa. Ban taɓa yin alfahari irin na wannan Lahadin ba.

Na huɗu. Makullin gwangwanin na Tannetje ne. Tannetje, ke za ki kai shi wurin Leendert, da ƙafarki.

Ubangiji Ya albarkace ku da 'ya'yanku, Ya ba ku abin da zai ishe ku har ku ba wani. Gwangwani ɗaya ne, makulli ɗaya, ranar Asabar kuma ba ya buɗuwa sai ku biyu kuna zaune.