Manhajata ta tura kum ɗina aiki ranar slavarsa

Gwaggo Desanka, ki taimake ni, raina ya ɓaci har ban san ta inda zan fara ba. A wani kamfanin madara nake aiki a Kragujevac, ni na rubuta manhajar da ke raba wa direbobi ranakun aiki. Kafin ta zaɓi komai sai an jera mata gurabe, kowane direba da kowace rana gurbi ɗaya, ita kuma ta cike da e ko a'a. Ranar slavar mutum, bikin waliyyin gidansu, ban buɗe mata gurbi ba sam, don kada ma ta samu damar tura shi. Ina tafiya hutu sai Strahinja, sabon abokin aikina mai ji da kansa, ya ga jerin duk giɓi, wai ƙazanta ce, ya cike shi da layin umarni ɗaya. Ranar Waliyyi Nikola, slavar gidan direbanmu Radoje, manhajar ta tura shi kai madara garin Niš. Radoje kum ɗina ne, shi ya tsaya mana a aure, shi zai raɗa wa ɗan da ke cikina suna. Baƙi cike da gidansa, aka yanka burodin biki babu maigida. Yanzu ya aiko wai mu nemi wani kum. An yaba wa Strahinja kan tsabtar aiki, ni aka bar ni da baƙin jini. Na tsane shi, Gwaggo.

Mai ciki da takaici

'Yata, Strahinja ya yi garaje, bai kamata ya taɓa abin da bai tambaya ba. Amma ke ma kin ɓoye doka a cikin giɓi, wanda ya zo bayanki ba zai san dalilinsa ba. Bar jerin a cike, ki rubuta sharaɗin slava a fili da sunansa, ki sa Strahinja ya gwada shi da hannunsa. Tsanarsa ba za ta ƙara miki komai ba.

Radoje kuwa ba bayanin gurabe yake jira ba. An kunyata shi gaban baƙinsa, kuma ranar ta wuce. Ɗauki mijinki ku je da ƙafarku, kada ki ambaci Strahinja ko kwamfuta, ki ce ya yafe. In ya rufe ƙofa, ku sake zuwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya sa ki ji sunan ɗanki daga bakin Radoje.