Ɓarawon Rediyo da Tiren Dankali

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe min da Ummanku, in za ta amsa.

Yau sati uku ke nan da ta tattara ta koma wurinki, don kawai na ce gasasshen dankalin nan mai cuku ko ido rufe zan yi shi. Ta rantse ba za ta dawo ba sai na gasa da hannuna. Gidan ya yi min faɗi, Auta. Ga rediyona ɓarawo ya ɗauke tun kafin tafiyarta, ko mai yi min surutu babu. Ki rubuto min yadda ake yi, amma kada ta sani.

Allah Ya yi miki albarka,
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa, ya ƙoƙari, ya gwiwar? Umma ba ta sani ba, sai dai tana zaune kusa da ni, kuma ita ke faɗa ina rubutawa.

Ka fere dankalin turawa guda shida, ka yanka sirara. Ka shafa wa tire man shanu, ka jera su, ka zuba madara da gishiri da tafarnuwa, ka barbaɗa cuku a sama. Minti arba'in ya isa. Amma don Allah, kafin ka kunna obin, ka durƙusa ka duba cikinsa. Sau uku ta maimaita wannan.

Allah Ya ƙara girma,
Auta.

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake.

Shekara talatin ina gyaran injin mota, kunna obin ne za a tsaya koya min? Ban durƙusa ba, kin san gwiwata. Na tura tiren a sama, na kunna, na zauna. Can sai wari kamar ana ƙona taya, sai kuma tau! Maƙwabcinmu ya shigo da bokiti, takalmi ƙafa ɗaya.

Da hayaƙi ya lafa, me zan gani a ƙasan obin? Rediyona! An naɗe shi da tawul, ya narke, eriyar kaɗai na gane. Wane irin ɓarawo ne zai shigo gidan mutum, ya ɗauki rediyo, ya naɗe shi tsaf, ya ajiye masa a obin?

Dankalin dai ya gasu. Na cinye rabi, ɗanɗanon roba ne, amma da hannuna na yi. Ki faɗa mata. Ki ƙara da cewa na yi kewarta, in ta yi dariya ki ce ke kika ƙara.

Mahaifinki.

Baban Auta,

Ina gaisuwa, da fatan cikinka lafiya.

Ɓarawon ya gaji ne da shan labaran asuba a kan matashinsa shekara da shekaru. Zai dawo ranar Asabar, da sabon rediyo mai abin sawa a kunne.

Ka jiƙa min tirena.

Taka,
Umman Auta.