Cajin da Bai Ƙare Ba

Daren Talata, Bungudu.

Yau na yi wa Inna ƙarya. Muna kallon fim ɗin jarumin nan mai tashi sama a wayata, ina fassara mata. A littafin zane ya auri budurwarsa, a shirin talabijin rabuwa suka yi, a fim ɗin nan kuwa a hannunsa take mutuwa. Da aka kusa wurin sai na kashe wayar, na ce caji ya ƙare. Makon jiya fa Inna ta fita takabar Baba.

"To, ɗan nan, sun yi auren?"

Na ce sun yi. Ta yi dariya, ta farko tun rasuwar. Wai in sa caji gobe, tana son ganin bikin.