Rage Iska Kafin Ka Ja Motar

Labaran,

Na wuce Challawa aikin safe, ban tashe ka ba. Makulli yana kan firij, amma kada ka ja motar nan tukuna.

Jiya a Sharada makanike ya saka mata jakunkunan iska biyu a baya, kusa da sifirin, don ta daina durƙushewa in an lafta mata kaya a hanyar gona. Da siminti a kanta na shigo ƙarƙashin rumfa lafiya lau. Muna saukewa bayanta ya ɗaga kusan tsawon tafin hannu. Yanzu ƙarfen bodin ya tokare katakon rumfar, har kwanon ya banƙare. In ka ja ta a haka, rumfar za ta rufto.

Akwai bawul biyu gefen lambar baya, irin na taya. Danna su da ƙusa har sai ka ga haske tsakanin ƙarfe da katako. Kada ka fitar da iskar duka, robar za ta lalace.

Na san ka, in za ka ja da baya ba ka waiwaye. Inna ta shimfiɗa darduma a gindin ginshiƙin rumfar, ta ce ba inda za ta sai ta idar da lazimi.

Yayanka,
Abdulbaqi