Farar Awara a Ƙofar Asibiti

Uwargida Seo, ki taimaka wa tsoho da shawara, na yi ɓarnar da ban san yadda zan gyara ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na kai shekara sittin da takwas, bayan na bar sayar da kifi a kasuwar Mokpo, na shiga ajin yamma na manya.

Jikata Dasom, shekararta ashirin, ta yi wata huɗu a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da ta faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu sai ta daina ci, ta daina ɗaga labule. A sashen da aka kwantar da ita ba a barin waya, sai wasiƙa, ni kuwa duk mako sai na rubuta. Tana amsa mini: wai an karɓe igiyar takalminta, wai maganin yana sa ta ji kamar tana tafiya cikin ruwa, wai rubutuna kamar ƙaguwa ce ta taka tawada. Wannan tsiyar ce ta riƙe ni.

Ranar da aka sallame ta murna ta hana ni karyawa. Na biya na sayi farar awara mai ɗumi, na miƙa mata a bakin ƙofa, gaban uwarta da masu jinya. Ta dubi awarar ta dube ni, ta ce, “Kaka, daga kurkuku na fito? Wa na kashe?” Uwarta ta ce, “Haba Baba, a gaban mutane?”

Na san a al'adarmu ɗaurarre ake tarba da awara ranar da aka sake shi, wa bai sani ba? Amma ina ɗan shekara tara aka sako yayana daga kurkuku, mahaifiyarmu ta ba shi ita tana kuka tana dariya. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba, ita hannuna ya tuna.

Yau mako uku ba ta ce mini komai ba. Kullum ina hawa bene huɗu da miyar kifi, a ce tana barci. Gwiwoyina sun gaji, ni ma na gaji. Har yanzu ina murna ta fito, sai dai ina tsoron na rasa ta. In ci gaba da zuwa ko in janye?

Kakan Bakin Teku

Baba, sannu da ɗawainiya.

Ba za mu ɓoye ba, awarar ta yi ciwo. Yarinyar da aka kulle wa ƙofa wata huɗu ta riga ta tambayi kanta sau dubu ko laifi ta yi. Kai murna ka kawo, ita amsar tambayarta ta gani a hannunka. Ku biyun duk kuna da gaskiya.

Amma kada ka ɗauki barcin nan duka a matsayin fushi. Sallama ba warkewa ba ce. Jiki da magani suna ɗaukar lokaci, kuma mai ƙwanƙwasa ƙofa kullum, ko da miya ce a hannunsa, yana tuna mata ana jira ta warware. Idan ci ko barcinta ya ƙara lalacewa, uwarta ta gaya wa likita, ba sai ranar komawa ba.

Ka rage hawa benen, sau ɗaya a mako ya isa. Ka koma inda kuka fi jin juna, wato takarda. Layin farko ka ce ka yi kuskure, ba tare da “amma” ba. Sannan ka ba ta labarin yayanka kamar yadda ka ba ni. Kada ka tambaye ta ko ta samu sauƙi, kada ka nemi amsa. Mako mai zuwa ka sake rubutawa, a kan kifi ko gwiwarka. Ranar da ta sake zagin rubutunka, ka san ta dawo.

Awara kuwa, ka sayi wata ka ci abarka. Kai ma wata huɗu ka yi a tsare kana jiran mai kawo wasiƙa.

Allah ya ƙara wa Dasom sauƙi, ya bar maka gwiwoyinka.

Uwargida Seo